Yaron da Ya Yi Jinkirin Ƙafa: Jira Ba Magani Ba Ne

A kusan kowace unguwa akwai gidan da ke da yaron da sa'anninsa sun daɗe da fara guje-guje a tsakar gida, shi kuwa har yanzu yana zaune, ko yana jan gindi, ko ma wuyansa bai gama tsayawa ba. Abin da aka fi gaya wa uwarsa bai wuce magana biyu ba. Da farko a ce mata, "Ki ƙyale shi, nauyin ƙafa ne, kowane yaro da lokacinsa." Idan shekaru suka tura kuma a ce, "Haka Allah Ya yi shi, sai haƙuri." Ta farko tana sa rai, ta biyu tana fid da rai, amma aikinsu ɗaya ne, domin dukkansu naɗe hannu suke sa a yi. Abin da binciken shekaru hamsin da suka wuce ya tabbatar shi ne tafiya koyonta ake yi, kuma yaro da jikinsa yake koyonta, ya gwada, ya faɗi, ya sake tashi. Yaron da aka haifa da lalurar da ta taɓa girmansa, ko ta same shi yana jariri, shi ma ta wannan hanya yake bi. Bambancin kawai shi ne yana bukatar a buɗe masa ita da wuri, a yawaita masa damar gwaji, a kuma daɗe ana tallafa masa a kanta.

Kafin a ce yaro ya makara, sai an san tsawon lokacin da lafiyayye yake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara 816 a ƙasashe biyar, wato Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. An ga cewa zama ba jingina yana zuwa ne tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya ba riƙo kuma tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18. Ke nan tsakanin mai saurin ƙafa da mai nauyinta akwai ratar kusan wata 10, alhali dukkansu lafiyarsu lau. Har an sami kimanin 4 cikin 100 da ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba, suka miƙe abinsu. Wannan ya gaskata kakanninmu ta wani ɓangare, domin lallai kowane yaro da lokacinsa. Amma ya nuna kuma cewa lokacin yana da bakin iyaka. Yaron da ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya cika shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ya fita daga ratar da ake sa ran gani, kuma ya cancanci a duba shi. Idan bakwaini ne, akan cire makonnin da ya rage a ciki kafin a yi masa wannan lissafi.

Dalilin da ya sa tafiya take ɗaukar lokaci haka shi ne aikin da ke cikinta ya fi ƙarfin ƙafa kaɗai. Sai wuya ya riƙe kai, baya da ciki su riƙe gangar jiki, ƙugu ya ɗauki nauyi, sannan ido da cikin kunne da tafin ƙafa su riƙa kai wa ƙwaƙwalwa rahoton inda jiki ya karkata, ita kuma ta gyara kafin a faɗi. Duk taku ɗaya yana nufin tsayuwa a kan ƙafa ɗaya na ɗan lokaci. Jariri sabon haihuwa idan aka tsayar da shi yakan ɗaga ƙafafu kamar mai taku, sai abin ya ɓace wajen wata biyu. An daɗe ana zaton ƙwaƙwalwa ce ke kashe wannan motsi, har sai da Esther Thelen, wata masaniyar girman yara a Amurka, ta nuna a 1984 cewa idan aka tsoma ƙafafun jarirai a ruwa takun yana ƙaruwa, idan aka ɗaura musu ɗan nauyi kuma yana raguwa. Ashe ƙiba ce ta riga ƙarfin tsoka zuwa. Daga baya Karen Adolph da abokan aikinta a Jami'ar New York suka ƙirga motsin yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa, suka buga sakamakon a 2012: a matsakaicin lissafi, taku 2,368 da faɗuwa 17 a cikin awa ɗaya. Wannan shi ne kuɗin makarantar tafiya. Yaron da ba ya samun wannan dubban gwaji, ko saboda jikinsa ya yi masa nauyi, ko saboda kullum yana goye ko yana kwance a ɗaka, an hana shi darasin ne tun kafin a san ko zai iya.

Mutanen Afirka ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. A 1976 wani mai bincike, Charles Super, ya rubuta yadda matan ƙabilar Kipsigis a Kenya ke koya wa jariransu zama da tafiya da gangan, suna zaunar da su a ɗan rami ko su kewaye su da tsumma, suna tsayar da su a kan cinya suna sa su tsalle. Ya ga 'ya'yansu suna riga na Amurka zama da tafiya, amma ba sa riga su a abubuwan da ba a koya musu ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san irin wannan: a zaunar da jariri a tokare shi da zannuwa, a riƙe masa yatsu ana yi masa tatata, yayyensa su yi ta kiransa daga nesa kaɗan. Abin takaicin shi ne yaron da ya fi kowa bukatar wannan horo shi aka fi janye wa shi. Da zarar an ga jikinsa ya saki ko ya sandare, sai tausayi ko kunyar idon jama'a su sa a mayar da shi ƙuryar ɗaki, a daina tsayar da shi, a daina kiransa.

Lalurar Down ta isa misali. Ɗan Adam yana da kuromosom 46 a ƙwayoyin halittarsa, mai wannan lalura kuwa yana da 47, saboda ƙarin guda a kan na 21. Irin waɗannan yara tsokarsu takan yi laushi, gaɓoɓinsu su yi sako-sako, kuma kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya da ke sa su saurin gajiya. Wani bincike da Robert Palisano ya jagoranta a Kanada, wanda aka buga a 2001, ya nuna cewa kimanin 40 cikin 100 ne suke tafiya a wata 24, amma zuwa wata 36 adadin ya kai 92 cikin 100. Ke nan kusan dukkansu za su yi ƙafa, tambayar ita ce yaushe. A wannan shekarar ce kuma Dale Ulrich da Beverly Ulrich da abokan aikinsu a Amurka suka bayyana gwajin da suka yi da jarirai 30 masu wannan lalura. An kasa su biyu, kowane kashi yana ganin likitan fisiyo, amma kashi ɗaya an ba iyayensu ɗan ƙaramin injin da shimfiɗarsa ke tafiya a hankali ƙarƙashin ƙafa. Uwa ko uba su riƙe jariri a tsaye a kai, shimfiɗar ta ja ƙafarsa baya, shi kuma ya jawo ta gaba, minti 8 a rana, kwana 5 a mako. Waɗannan yara sun riga sauran fara tafiya da kimanin kwana 101. Injin bai ƙara musu komai a jiki ba. Abin da ya ba su shi ne damar yin taku da yawa tun kafin su iya ɗaukar nauyin kansu.

Lalura ta biyu, wadda ta fi cika layin sashen gashin ƙashi na yara a asibitocinmu, ita ce shanyewar gaɓoɓi da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira saribiral folsi. A ƙasashe masu arziki tana samun kusan yara 2 cikin kowace haihuwa 1,000, a ƙasashe irin namu kuwa ta fi haka, saboda dalilan da kowa ya sani: doguwar naƙuda da jariri ke fitowa bai yi kuka ba, shawarar jarirai da aka bari ta hau kai, haihuwar bakwaini, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin da ya riga ya faru ba ya ƙaruwa, amma abin da yake jawo wa jiki yana ƙaruwa idan aka yi sake: tsoka ta ɗaure, jijiyar dunduniya ta gajarce har yaro ya riƙa tsayuwa a kan yatsu, ƙafafu su harɗe, wani lokaci ƙugu ya goce. A 1997 Palisano da Peter Rosenbaum da abokan aikinsu a Jami'ar McMaster ta Kanada suka kasa lalurar mataki biyar, daga mai tafiya ba wata matsala sosai har zuwa wanda ko kansa ba ya iya riƙewa. A 2002 kuma, bayan sun bi yara 657, suka nuna cewa yawanci yaro yakan kai kashi 90 cikin 100 na iyakar motsin da zai iya kafin ko wajen shekara biyar, mai lalura mai tsanani ma tun kafin haka. Likitoci sun daɗe da lura cewa wanda ya iya zama da kansa kafin ya cika shekara biyu, akwai kyakkyawan zaton zai yi tafiya. Duk waɗannan alƙaluma wuri ɗaya suke nunawa, wato shekarun farko, lokacin da hanyoyin saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da tsoka suke ginuwa, wadda ake amfani da ita ta yi ƙarfi, wadda aka bari ta raunana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai ba kowane irin motsa jiki ne koyo ba. Iona Novak ta Ostareliya da abokan aikinta sun tattara ɗaruruwan bincike kan wannan lalura, suka tantance abin da ke aiki da wanda ba ya yi, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne horon da yaro ke motsawa da kansa don cimma wani abu da yake so, ana maimaita masa shi a gida kullum. Tausa da miƙar da gaɓa suna da nasu amfani wajen jin daɗin jiki, amma yaron da ke kwance ana lanƙwasa masa ƙafa ba tafiya yake koyo ba, domin ba shi ya ba da umarnin motsin ba. Koyo yana farawa ne idan aka kifa shi a tabarma yana farke, aka sa abin wasa a gabansa don ya ɗaga kai. Idan aka zaunar da shi a kan 'yar kujera, tafin ƙafarsa a ƙasa, aka ɗaga kofi sama kaɗan don ya yunƙura. Idan aka tsayar da shi jikin benci, aka ɗan nisantar da abin da yake so don ya matsa gefe. Hannun mai taimako ya kamata ya riƙa sauka a hankali, daga ƙirji zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa yatsa ɗaya, har a saki. A bar shi ya taka ƙasa da tabarma da rairayi ba takalmi idan wurin ba abin da zai soke shi, a kuma bar shi ya yi 'yar faɗuwar da ba ta da haɗari. Minti goma sau da yawa a yini, cikin wanka da ci da wasa, sun fi awa ɗaya a asibiti sau ɗaya a wata.

Mai karatu zai iya cewa ya san yara da yawa da suka yi nauyin ƙafa, aka ƙyale su, suka tashi garau. Gaskiya ne, kuma mafi yawan masu jinkiri kaɗan haka suke. Amma a auna asarar ɓangarorin biyu. Idan aka kai lafiyayye asibiti, abin da aka rasa kuɗin mota ne da yini guda. Idan aka zaunar da mai lalura ana jira, abin da aka rasa watanni ne da ba sa dawowa. Ga shi kuma wasu dalilan jinkirin suna da magani kai tsaye, kamar tamowa, da laushin ƙashi mai sa ƙafa ta gwame, wanda binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a Najeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadinsa, da ƙarancin aikin ƙullin maƙogwaro, da gocewar ƙugu tun daga haihuwa. A yau ƙwararru suna iya gane alamun raunin ƙwaƙwalwa tun jariri bai cika wata shida ba. Uwa ma tana iya ganin nata alamun: wuyan da bai tsaya ba bayan wata huɗu, jiki mai sandarewa ko mai saki kamar tsumma, hannun da kullum yake dunƙule, amfani da hannu ɗaya kaɗai kafin shekara guda, wahalar tsotso da haɗiya. Mafi gaggawa duka shi ne yaron da ya iya wani abu sannan ya daina.

Wani kuma zai ce duk wannan zancen masu hali ne, domin ina talaka zai sami injin taku, kuma likitocin fisiyo nawa ne a ƙaramar hukumarsa? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi. Ƙwararrun sun taru ne a manyan birane, a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitin yara na CURE a Yamai, kuma macen da ke ƙauye ba za ta iya zuwa duk mako ba. Amma ko a gwajin injin taku na Amurka, iyaye ne suka yi aikin a cikin ɗakunansu. Abin da ake nema wurin ƙwararre shi ne ya duba yaro, ya faɗi matakin da yake, ya koya wa iyali abin da za su yi, sannan a riƙa komawa lokaci zuwa lokaci. Tun a 1987 David Werner ya wallafa littafi kan yara masu naƙasa a ƙauyuka, cike da zanen kayan da kafinta zai iya yi: sanduna biyu a jere da yaro zai dafa ya bi tsakaninsu, kujerar kusurwa, allon tsayuwa, keken turawa na katako irin wanda kafintocinmu suka daɗe suna yi, wanda za a iya ɗora wa nauyi don kada ya tsere wa yaro. A Ghana kuma an gwada tara iyayen irin waɗannan yara ƙungiya-ƙungiya ana horar da su a garuruwansu, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna saninsu da ƙarfin gwiwarsu da jin daɗin rayuwarsu sun ƙaru. Ƙarancin ƙwararru hujja ce a kan hukuma ta ƙaro su, ba ta zama dalilin barin yaro a kwance ba.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi: shin wannan ba sa wa iyaye rai ba ne a kan abin da ba zai yiwu ba? Dole a faɗi gaskiya a nan. Wani bincike da ya duba yara sama da 9,000 masu raunin ƙwaƙwalwa a Turai, wanda aka buga a 2008, ya nuna cewa a shekara biyar 54 cikin 100 suna tafiya da kansu, 16 suna tafiya da abin dogarawa, 30 kuma ba sa tafiya, duk da kulawar da ake samu a can. Shi kansa injin taku, hujjarsa ta fi ƙarfi a lalurar Down, a raunin ƙwaƙwalwa kuwa ba ta kai haka ba. Horo ba ya goge raunin da ya riga ya faru, kuma uwar da ɗanta bai taka ba bayan ta yi iya ƙoƙarinta ba ta yi laifin komai ba. Amma horon bai tashi a banza ba, domin yaron da ya iya riƙe kai ya fi sauƙin ciyarwa ba tare da shaƙewa ba, wanda ya iya zama yana ganin mutane yana wasa, wanda ake tsayarwa ƙashinsa da ƙugunsa suna amfana. Manufar tafiya ita ce yaro ya isa inda yake so, ya taɓa, ya bincika, ya shiga cikin 'yan'uwansa. Saboda haka takalmin gyaran ƙafa da sandar dogarawa da keken guragu ba alamar an karaya ba ce, kuma binciken da aka yi kan ba ƙananan yara keke da wuri bai nuna yana hana mai iya tafiya koyonta ba.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata a bari. Keken roba mai tayoyi da ake zaunar da jariri a ciki ba ya koyar da tafiya, domin yana ɗauke wa yaro aikin daidaita jiki, yana sa shi turawa da yatsu, ga haɗarin faɗawa wuta ko rami. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Ga yaron da tsokarsa ke ɗaurewa, illarsa ta fi yawa. Haka nan tsaga da ƙona fata da binne ƙafafu a rairayi ba sa kaiwa ga inda matsalar take. Mafi muni shi ne a kira yaro ɗan ruwa ko a ce musanya shi aka yi, maganar da ta jawo wa bayin Allah da yawa wulaƙanci, ta kuma raba mata da gidajensu. Imani da ƙaddara gaskiya ne, addu'a kuma makami ce, amma malamai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Wannan aiki kuma ya fi ƙarfin mace ɗaya da ke fama da girki da goyo. Uban da ya ware minti goma safe da yamma, da kakar da ta zauna gefen tabarma, da yayyen da suka jawo ƙaninsu cikin wasa, kowannensu yana ƙara masa taku a lissafin yini.

A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan shekaru ana bin gida-gida da allurar rigakafi. Ma'aikatan lafiyar da suka isa kowane lungu don wancan aiki za a iya koya musu duba wuya da zama da tsayuwar yaro a ranar awo da rigakafi, su tura wanda ya makara gaba. Najeriya ta sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019, kuma haƙƙin yaro mai lalura yana farawa ne daga samun mai duba shi a asibitin da ke kusa da gidansu. Haihuwa a hannun ƙwararru da gaggauta kai jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti za su rage yawan masu shiga wannan hali tun daga tushe. Ga iyaye kuwa, kira ɗaya ne: idan ɗanku ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko jikinsa ya saki ko ya sandare, ku kai shi a duba shi a wannan makon, ku nemi a koya muku abin da za ku riƙa yi masa a gida, sannan ku fito da shi tsakar gida cikin 'yan'uwansa ku ba shi damar gwadawa kullum.